Ba a Ƙera Harsashi a Ƙonni

Jama'ar Ƙonni da Tsarnawa da Bazaga da Allela, jama'ar Malbaza da Dogarawa da Galmi, jama'ar Illela ta Sarkin Adar da Badagishiri da Tajaye! Maganar da nake tafe da ita kowa na yin ta a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa. Yau ina so mu fito da ita bakin kasuwa.

Ku faɗa mini, a duk faɗin jihar Tawa, wane maƙeri ne ke ƙera kalashi? Maƙeranmu garma suke yi da hauya da lauje, gwanin cikinsu shi ne mai haɗa wa maharbi bindigar toka ta harbin zabi. Malbaza siminti take fitarwa. Galmi albasa, wadda sunanta ya kai har Abijan da Akara. Fadamar Ƙonni da kwarin Magiya hatsi da kayan miya. Babu rumfa ko ɗaya a nan da ake zuba harsashi. To, harsashin da ke huda ƙirjin manomi a gonarsa, wanda ya sa mai shanu kwana da takalmi a ƙafa, daga ina yake fitowa? Wani ya ƙera shi a ƙasa mai nisa, wani ya sa hannu a takardar cinikinsa cikin ofis mai sanyi, wani ya karɓi la'ada, wani ya yi lodi, wani ya kau da kai a shinge. Kowannensu ya ci ribarsa ya koma gida lafiya. Mu aka bar wa wankan gawa.

Mutanen Ƙonni ba su da bukatar a karantar da su aikin bindigar waje. Ranar 8 ga Mayun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni, makonni kaɗan bayan karonta da Sarauniya Mangu a Lugu. Suna da igwa da bindigogin zamani, kakanninmu na da baka da kibiya da mashi da ganuwar ƙasa. Aka karkashe mutane ba adadi, aka cinna wa gari wuta, aka kora mata da yara. Har yau labarin na bakin tsofaffin garin. Amma ku lura da wani abu: Turawan da ke cikin rundunar ba su cika goma ba. Sauran baƙaƙen fata ne irinmu, waɗanda aka ɗebo daga ƙasashen yamma. Bindiga ta Bature, yatsan da ya ja kunama na ɗan Afirka. Shekara tara kafin nan kuwa, a 1890, ƙasashen Turai sun zauna a birnin Burusal sun ƙulla yarjejeniyar taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, wai don yaƙi da cinikin bayi. Ko ma don mene ne, ta nuna mana cewa sun iya toshe kasuwar bindiga sarai, idan suna tsoron bakinta ya juyo kansu. Yau da bakin ke kallonmu, sai a ce mana abin ya gagari kowa.

Ku waiwaya arewa. Ranar Lahadi 21 ga Maris 2021 wasu mutane a kan babura suka shiga Intazayen da Bakorat da Wistan a yankin Tiliya, cikin wannan jiha tamu, suka harbe duk wanda suka gani. Gwamnati ta ƙirga gawa 137. Ku waiwaya kudu. A watan Oktoban shekarar aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka kashe sama da mutum 40, mutanen da suka fito neman na cefane. A Disamba aka tare motar matafiya a ƙasar Sabon Birni aka ƙone ta da mutanen da ke ciki. Dubban 'yan'uwanmu suka tsallako iyaka da tabarmi a ka, suka sauka a Bangi ta ƙasar Madawa da ƙauyukan Gidan Runji. Waɗannan ba baƙi ba ne. Surukanmu ne, abokan cinikinmu ne, da su muke haɗuwa a kasuwar Illela ta Sakkwato, harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya.

A ƙofar gidanmu ma an yi. A ƙarshen Oktoban 2020 'yan bindiga suka ɗauke wani Ba'amurke a Masalata, ɗan taƙi kaɗan daga Ƙonni, suka ƙetara da shi Najeriya. Ba a cika mako ba sojojin ƙundumbala na Amurka suka dira daga sama suka ƙwato shi. Madalla, rai ya tsira. Amma ɗan Masalata ko ɗan Bazaga idan aka ɗauke shi, ba jirgin da zai tashi dominsa. Gona za a jinginar, a sayar da shanun huɗa, a zaga dangi da ƙoƙo, a haɗa kuɗin fansa. Kuɗin nan kuwa kun san inda suke zuwa: harsashi ake saye da su, a dawo da shi gidan maƙwabci.

Bari mu bi sawun kayan. Babban rumbun da ya fashe mana shi ne Libiya. Shekara da shekaru Gaddafi na jibge makaman Tarayyar Sobiyet. Da Tarayyar Turai ta ɗage masa takunkumin makamai a 2004, sai masu sayarwa suka yi layi a Tarabulus. A Disambar 2007 ya kafa tantinsa a tsakiyar Paris, baƙon Shugaba Sarkozy, ana maganar kwangiloli. Kamfanin FN Herstal na Beljiyam ya aika masa da bindigogi a 2009. Shekara biyu bayan nan, waɗanda suka sayar masa su ne suka tashi ruguza shi. A taron manyan ƙasashe na Deauville, cikin Mayun 2011, Shugaba Mahamadu Isufu ya gargaɗe su cewa idan Libiya ta watse, Sahel ce za ta kwashi tarkacen. Ba su ji ba. A watan Yuni Faransa da bakinta ta amsa cewa ta jefa wa 'yan tawaye makamai daga sama a duwatsun Nafusa. Gaddafi ya faɗi a Oktoba, aka bar ɗakunan makamai a buɗe ba mai gadi, kowa ya ɗibi rabonsa. Kafin rabin 2012 arewacin Mali ya tafi. Sauran kayan suka bi mashigar Salbado suka gangaro. Ku ɗauki taswira ku duba: titin da ya taso daga Agadas ya bi ta Abalak da Tawa da Badagishiri, a Tsarnawa yake haɗuwa da babban titin ƙasa, daga nan Ƙonni, daga Ƙonni kuwa Najeriya ce ke kallonka. Allah Ya ajiye mu a mararraba, mararraba kuwa tana da albarka tana da fitina.

Kada ku ɗauka rumbun Libiya ne kaɗai. A Yunin 2024 jami'an kwastan na Najeriya suka buɗe wata kwantena a tashar jiragen ruwa ta Onne, wadda ta taso daga Turkiyya, suka tarar da bindigogi 844 da harsashi 112,500 an ɓoye cikin ƙofofi da kayan ɗaki. Wannan wadda aka kama ke nan. A 2021 ƙungiyar Amnesty ta gano sababbin bindigogi ƙirar Sabiya a hannun ƙungiyoyin da ke kashe mutane a Sahel, alhali Sabiya da takarda da hatimi ta sayar wa gwamnatin Burkina Faso bindigogi sama da dubu 20 tsakanin 2015 da 2020. Ciniki ne na halal a kan takarda, amma ga inda irin kayan suka ɓulla. A Inates, Disambar 2019, mun rasa soja 71. A Shinagodar, bayan wata ɗaya, 89. Allah Ya jiƙansu. Duk barikin da aka ci, makaman da ke ciki sun canza hannu. Bindiga kuwa ba albasa ba ce da za ta ruɓe a rumbu idan kasuwa ta ƙi. Kalashin da aka ƙera kafin a haifi ubanka, in an shafa masa mai, gobe zai yi kisa.

Yanzu ga inda maganar ke da ɗaci, don ta gida ce. A 2020 binciken da sufetocin soja suka yi a ma'aikatar tsaron ƙasarmu ya nuna cewa tsakanin 2014 da 2019 kimanin miliyar 76 na sefa sun salwanta ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Daga baya aka rage lissafin, aka ce an daidaita da 'yan kwangila. Waɗanda suka fito titi a Yamai ranar 15 ga Maris na shekarar suna neman bayani, su ne suka kwana a kurkuku. Ku tuna, a daidai waɗannan shekaru ne 'ya'yan talakawa ke faɗuwa a bakin daga. A Najeriya kuma babban mai binciken kuɗi na tarayya ya ba da rahoton cewa zuwa ƙarshen 2018 makamai 178,459 sun ɓace daga hannun 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Bindiga ba ta da ƙafa. Wani ne ya buɗe ƙofa, wani ya ƙirga kuɗi.

Masu ƙera kayan fa, su wane ne? Cibiyar SIPRI da ke Sitokholm, wadda ke bin diddigin cinikin, ta ce tsakanin 2020 da 2024 Amurka kaɗai ke da kashi 43 cikin ɗari na manyan makaman da aka fitar a duniya, sai Faransa, sai Rasha, sai Sin. Ku sake karanta sunayen. Dukkansu huɗu suna da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato su ne aka ɗora wa amanar zaman lafiyar duniya. A 2024 duniya ta kashe sama da dala biliyan 2,700 a harkar soja. Akwai yarjejeniyar cinikin makamai da ta fara aiki a Disambar 2014, wadda ta haramta wa ƙasa sayar da makami idan ta san da shi za a karkashe farar hula. Nijar ta shiga, Najeriya ta shiga. Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar da ita ba, Rasha ko hannun ba ta sa ba. Masu mutuwa sun amince da doka, biyu daga cikin manyan masu sayarwa sun tsaya a waje.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Sudan, inda zuriyar alhazanmu masu tafiyar ƙasa suka zauna, inda Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa gari a bakin kogin Nilu. Tun 15 ga Afrilun 2023 janar biyu ke gwabzawa, mutum sama da miliyan 10 sun bar gidajensu, kuma an gano sababbin makamai na Sin da Rasha da Turkiyya da Sabiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a fagen. Zinariya na fita, harsashi na shiga. Mutanen Zamfara sun san wannan musayar.

Kada wani ya juya mini magana. Ban ce a raba sojanmu da makami ba. Ƙasar da aka kewaye dole ta kare kanta, kuma yaran da ke kwana a daji domin mu yi barci sun cancanci kayan aiki na gari. Sojojin Faransa sun tafi a ƙarshen 2023, na Amurka sun bi su a 2024, mutane da yawa sun yi murna. Amma wanda ya maye gurbinsu a rumfar ciniki, ko daga Mosko yake ko daga Ankara ko daga Bejin, shi ma ɗan kasuwa ne, ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Kayan sama da ake yi mana talla kuma ba su san fuskar mai laifi ba. A Tudun Biri ta Kaduna, ranar 3 ga Disambar 2023, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi, aƙalla mutum 85 suka rasu. A Silame ta Sakkwato, Disambar 2024, harin da aka kai don 'yan bindigar Lakurawa ya ci ƙauyawa. A Tiyawa ta jihar Tilaberi, farkon 2024, sojanmu sun amsa cewa harin sama ya taɓa farar hula. Wanda ya sayi makami da kuɗin talaka, wajibi ne ya yi wa talaka bayanin inda ya harba shi.

To, mu da ba mu da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, me ke hannunmu? Abu mai yawa. Kamfanin da ke Turai ko Asiya bai san hanyar da ke ratsa gonakin Allela ta ɓulla Najeriya ba. Dillalin da ke Sabha ta Libiya bai san wane shinge ake barci a cikinsa da ƙarfe uku na dare ba. Da ɗan gari akan ci gari. Zangon ƙarshe na tafiyar harsashi a kan baburanmu ake yin sa, cikin buhunan da muka ɗinke, ƙarƙashin jarkokin da muka ɗaura. Hanyoyin da muka buɗe don shinkafa lokacin da Buhari ya rufe iyaka a 2019, da waɗanda muka ƙara buɗewa lokacin takunkumin CEDEAO na 2023, yunwa ce ta sa aka buɗe su, ban zargi kowa ba. Amma hanya ba ta tambayar abin da ke cikin buhu.

Kai ɗan kabu-kabu, kai ɗan ruwa-ruwa, da ku nake. Na san ba aikin yi, na san akwai bakuna a gida. Amma ranar da wani ya ba ka ƙunshi mai nauyin da bai dace da girmansa ba, ya ce kada ka buɗe, ya ninka maka kuɗin hanya sau biyar, wallahi ka san abin da ka ɗauka. Kada ka ce kai dako kawai ka yi. Jika talatin ɗin nan za su ƙare kafin Juma'a, abin da ka kai kuwa zai yi shekara talatin yana aiki, kuma bai san ƙanwarka ba ce ke ɗibar ruwa a rijiyar can. Haka mai kai musu fetur daji, da mai kai burodi da ƙwaya, da mai zama a fada yana shan shayi da mu, dare ya yi ya buga waya ya ce wane ya sayar da sa yau. Direbobi da 'yan kamasho da shugabannin tasha, ku kafa ƙa'ida tsakaninku: kayan da ba a yarda a buɗe ba, ba a lodinsa.

Akwai kuma wata murya da ke yawo a majalisu, mai daɗin ji: mu ma mu haɗa kuɗi mu sayi tamu. Na fahimci zafin da ke haifar da ita, wanda aka kore wa garke ba a yi masa wa'azin haƙuri da sauƙi. Amma ku tambayi mutanen Tangaza da Gudu. Wasu shugabannin al'umma ne can suka gayyato baƙi masu bindiga, wajen 2017, don su kore musu ɓarayin shanu. Baƙin suka kori ɓarayi, sannan suka zauna. Suka fara karɓar zakkar dole, suna yi wa samari bulala, suna yanke hukunci a ƙasar da ba tasu ba. Su ne Lakurawan da suka kashe mutum 15 a Mera ta jihar Kabi a Nuwamban 2024. Ku tambayi Zamfara, inda rikicin 'yan sa-kai da makiyaya ya rikiɗe ya zama abin da ya cinye jihar, har gwamnati ta ce wa jama'a a 2022 kowa ya nemi lasisin bindiga, kuma kisa bai tsaya ba. Ku tambayi Banibangu, inda magajin gari ya fita da 'yan sintiri a Nuwamban 2021, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 ba su dawo ba. Duk bindigar da ƙauye ya saya, dillali ɗaya ne ke cin riba, shi ne kuma zai je rugar da ke kusa ya ce: kun ga maƙwabtanku sun saya, ku fa?

Nan ne hatsarin ya fi girma. A Toda, cikin 1991, faɗan manoma da makiyaya ya ci rai sama da 100, galibi mata da yara, a lokacin da kalashi bai yawaita a hannun jama'a ba. A Bangi, Nuwamban 2016, mutum 18 suka mutu kan ɓarnar gona. Ku auna abin da zai faru idan irin wannan rana ta zo, kowane gida da bindiga a ƙarƙashin gado. Saboda haka sarakunanmu da hakimai da masu gari da arɗo-arɗo, Allah Ya ja zamaninku, shari'ar burtali da mashaya da ɓarnar gona ba ƙaramar shari'a ba ce yanzu. Ku yanke ta da wuri, ku yanke ta da gaskiya, hukumomin filaye su yi aikin da aka kafa su dominsa. Matashin da aka zalunta a fada, aka ci tararsa ba bisa ƙa'ida ba, shi ne wanda mai bindiga ke jira a bayan gari.

Malamanmu, Allah Ya gafarta muku, kun fi ni sanin cewa malaman fiƙihu sun hana sayar da makami a lokacin fitina. Ku faɗe shi a kan mumbari ranar Juma'a, da Hausa, da Fulatanci, da Tamashek, ku ambaci mai dako da mai ɓoyewa da mai ba da labari, kada ku tsaya kan mai harbi kaɗai. Iyaye mata, ku ne kuka fara ganin sabuwar waya da sabon babur a hannun yaron da ba ya sana'a. Ku tambaye shi tun a ɗaki, kafin jandarma su tambaye shi, ko a kawo muku shi a amalanke.

Hukuma kuma, muna da haƙƙi a kanku. Talaka ba zai kawo rahoto ba idan ya san kafin ya isa gida sunansa ya riga shi isa daji. Ku rufa asirin mai ba da labari. Wanda aka kama da buhun harsashi kada mu gan shi a kasuwa bayan sati biyu yana yi mana murmushi. Ma'aikacin duwan ko jandarma ko ɗan sandan da ya karɓi na goro ya ɗaga shinge ba tare da ya duba ba, a hukunta shi a bainar jama'a. Kowace bindigar gwamnati a buga mata lamba, a rubuta ta, a riƙa ƙirga ta. Wadda aka ƙwato daga daji a karanta lambarta, a bi ta har ƙasar da ta ƙera ta, a faɗa wa duniya sunan ƙasar, ko abokiyarmu ce ta yau. Fitarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 kada ta zama dalilin daina magana da Sakkwato kan iyaka, domin masu safarar ba su daina magana da juna ba. 'Yan jarida da gidajen rediyon karkara da 'yan bokonmu na Yamai da na ƙetare, ku riƙa tambayar nawa aka saya, wa ya kawo, ina kayan suke. Tambayar ba cin amanar ƙasa ba ce. Cin amana shi ne a tura soja daga da bindigar da aka biya kuɗinta ba a kawo ba.

Kada kuma wani ya ce ba a taɓa yi ba. Ƙasar nan ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994. Ta yi sulhu da 'yan tawaye ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yau muke hutu dominta. Ranar 25 ga Satumban 2000, a Agadas, aka tara bindigogi sama da dubu aka cinna musu wuta a gaban jama'a, waɗanda suka riƙe su jiya suna tsaye suna kallo. 'Yan Nijar ne suka yi wannan, ba wani ya zo ya yi mana ba.

Saboda haka kada a jira taro daga Yamai. Kowane mai gari ya tara mutanensa a wannan mako, manomi da makiyayi, direba da ɗan kabu-kabu, limami da shugabar mata, a yi alkawari a gaban juna: ba mu ɗauka, ba mu ɓoyewa, ba mu saye, ba mu gayyato mai ita. Wanda ke da ita a ɓoye ya miƙa ta ta hannun sarki ko limami tun ba a zo nema ba. Wanda ya san hanyar da ake bi da ita ya faɗa. Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, ku tashi ku rufe hanyar nan.